Masu haɗa nasabarsu da gidan Shehu Ɗanfodiyo, ga inda kuke tuntuɓe

Na gaji da ganin takardun silsila da ake zana su kamar bishiya, sunan Mujaddadi a can sama, sunan mai takardar a ƙasa, tsakiya kuwa an cike da Muhammadu da Abubakar da Aliyu ba uwa ba gari ba shekara. Neman asali ba laifi ba ne, amma yawancin masu farawa a wurare ɗaya suke faɗuwa.

Na farko, kuma shi ne uwar matsalar, farawa daga sama. Mutum ya riga ya yanke wa kansa cewa shi jikan Shehu ne, sai ya ɗauki 'ya'yan Shehu ya dinga laluben wanda zai rataya a wuyansa. Ni daga ƙasa nake farawa: ubanka, kakanka, uban kakanka, kowanne da garin da ya zauna, da sunan matarsa, da inda aka binne shi. Inda hujja ta tsaya, nan alƙalami zai tsaya, ko da saura taki biyu a kai Sakkwato.

Na biyu shi ne wanda ya fi cin raina, don ya taɓa cinye mini kuɗin mota da lokaci mai yawa. Wani gida suka ba ni takardarsu, an rubuta cewa kakansu "ɗan Sarkin Musulmi Atiku" ne. Na yi ta bin zuriyar Abubakar Atiku ɗan Shehu, wanda ya yi sarauta daga 1837 zuwa 1842, shekaru suka ƙi haɗuwa ko ta ina. Ashe wanda ya kwafe takardar ya dunƙule mutum biyu ya mai da su ɗaya. Akwai wani Abubakar Atikun, na Raba, ɗan Muhammadu Bello, wanda ya hau a 1873 ya rasu a 1877. Na farkon baffan na biyun ne. Sardauna Ahmadu Bello ta wajen Atiku na Raba ya fito, shi ne kakansa. Haka Aliyu Babba da Aliyu Ƙarami, duka 'ya'yan Bello ne, duka sun yi sarauta. Attahiru ma biyu ne a jere. To don Allah, wane irin bincike ne mutum zai rubuta "Atiku" kawai ya wuce? A gidan da ake maimaita sunayen iyaye da kakanni, suna shi kaɗai ba shaida ba ne. Ni yanzu ba na shigar da kowa littafina sai da abu uku: sunan yanka, laƙabi, da sunan uwa ko garin da ya yi zama. Laƙabin nan da kuke rainawa, irin su Mai Wurno da na Raba, shi ke raba gardama.

Ku riƙa ƙirga tsatso. An haifi Shehu a 1754, ya rasu a 1817. Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, haihuwar 1956, ɗan Abubakar na Uku ne, ɗan Usmanu, ɗan Mu'azu, ɗan Bello, ɗan Shehu. Taki biyar ke nan. In saurayi ɗan shekara talatin ya kawo mini silsila mai taki uku, na san an tsallake mutane, don tsofaffi kan ce "ɗan wane" alhali jika suke nufi. In kuma ta kai goma sha biyar, an yi ciko.

Wani abin da ba a son ji: zama Batoranke, wato ɗan dangin Fulanin da Shehu ya fito daga cikinsu, bai sa ka zama jikan Shehu ba, dangi ne mai faɗi. Haka wanda kakansa ya tashi a gidan Shehu, almajiri ne ko bara ko mai hidima, ana ce masa ɗan gida, kuma ba ƙarya aka yi ba, amma ba jini ake nufi ba.

Masu neman ta wajen masu tuta, wato waɗanda Shehu ya ba tutar jagorantar jihadi a ƙasashensu, su ma su lura. Gidan da ke sarauta yau ba lallai ne gidan wanda ya karɓo tuta ba. A Kano Sulaimanu ne sarkin farko na jihadi, Ibrahim Dabo ya gaje shi a 1819. A Katsina Ummarun Dallaje ne, gidan Dikko kuwa a 1906 suka hau. Zazzau gida huɗu ne: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa.

Kada ku watsar da mata. Gidan Wazirin Sakkwato ta wajen Nana Asma'u 'yar Shehu, matar Giɗaɗo ɗan Laima, suka haɗu da Shehu, kuma da yawa masu wahalar neman ta uba ta uwa suke da ita.

Kirarin maroƙi a ji daɗinsa, kada a kwafe shi a matsayin hujja. Shekarar Hijira a mai da ita ta Miladiyya kafin a kwatanta, 1232 ita ce shekarar rasuwar Shehu. In reshe ya ɓace bayan yaƙin Burmi na 1903, a waiwayi Sudan, can Muhammadu Bello ɗan Attahiru na Farko ya kai jama'arsa suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu.

Sai kuma lalaci. Kafin ku dami ma'aikatan Arewa House ko gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ku je ku zauna gaban gwaggo da inna kuna ɗaukar maganarsu da wayarku. Ni tsohuwa ɗaya nake tambaya ita kaɗai, in koma wajen wata daban ba tare da na faɗa mata abin da ta farko ta ce ba, sannan in gwada biyun.