Yadda nas zai zama malamin koyar da aikin jinya a Najeriya

Makarantun jinya ba sa ɗaukar malami don kawai ya daɗe a asibiti. Sai da takardu, kuma akwai jerin da ake bi wajen samunsu.

Tushe shi ne rajista da Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, NMCN: ka zama RN, wato nas mai rajista, in da hali ka haɗa da RM, wato rajistar ungozoma. Lasisin aiki ana sabunta shi duk shekara 3, bayan halartar MCPDP, kwas ɗin ƙarin ilimi na dole ga masu aikin. Mutane da yawa kan manta da shi sai ranar tantancewa, a buɗe fayil a ga ya mutu tun bara.

Sai digirin aikin jinya, BNSc. Wanda ya shiga ta JAMB shekara 5 yake yi, kuma ABU Zariya, BUK da Jami'ar Maiduguri duk suna da sashen. Mai RN a hannu yana iya shiga kai tsaye ba daga ajin farko ba, ko ya bi ta NOUN, jami'ar karatu daga gida, yana aiki yana karatu. Bayan digiri a nemi takardar koyarwa, galibi PGDE, difloma a fannin koyarwa ta bayan digiri, a jami'a ko a Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna. Da waɗannan biyun ake komawa NMCN a nemi rajistar malamin jinya. Mai son koyarwa a jami'a sai ya ƙara digiri na biyu, daga baya na uku.

Idan ma'aikacin gwamnati ne kai, kada ka tafi karatu sai da takardar izini a rubuce daga hukumar asibitoci ko ma'aikatar lafiya ta jiharku. Izinin baka daga shugabar nas-nas ba ya shiga fayil, kuma takardar karatun da aka samo ba tare da izini ba tana iya maƙalewa ranar ƙarin girma. Ka duba sunanka ma: in takardar WAEC ta ce Muhammad, ta NMCN ta ce Mohammed, gyara tun yanzu.

Kada ka yi gaggawar barin ɗakin majiyyata. Shekara biyu zuwa uku a ɗakin gaggawa, na yara da na haihuwa, har da aikin dare, su ne jarinka. Ɗalibai na saurin gane malamin da bai taɓa neman jijiya a hannun yaron da gudawa ta tsotse ba.

Inda sabon malami ya fi tuntuɓe shi ne ɗakin gwaji, inda ɗalibai ke koyon aiki da hannu. Hannunsa ya saba, sai ya sa robar fitsari a jikin mutum-mutumi cikin minti biyu, ɗalibai hamsin na leƙe ta bayan juna, ya ce kun gane? Su ce sun gane. Ba su gane ba. Raba su shida-shida ko takwas-takwas. Yi aikin sau ɗaya ba magana, ka sake a hankali kana faɗin dalilin kowane mataki, sannan ɗalibi ya faɗa kai kana yi, daga ƙarshe ya yi da hannunsa kana bin takardar matakai kana sa maki. Wanke hannu, gaisawa da majiyyaci, tabbatar da sunansa, jan labule: waɗannan ne ake tsallakewa, kuma a OSCE, jarrabawar aiki da hannu ta NMCN, kowanne yana da makinsa.

Lissafin magani kuwa a riƙa yinsa a allo kowane mako, digon ruwa nawa a minti, miligiram nawa ga kilo, domin a nan kuskure ke kisa.

Littafin da ɗalibi ke rubuta ayyukan da ya yi a asibiti, kada ka sa masa hannu a ofis. Bi shi ɗakin majiyyata ka gani da idonka. Wanda ka sa wa hannu yau a kan ya iya ƙarin jini, bayan shekara uku shi kaɗai za a bari da dare a wani asibitin karkara.