Inda masu zanen fenti ke tuntuɓe wajen kama hasken Kaduna

Duk wanda ya saba leƙa aikin matasanmu masu zane a Kaduna zai lura da abu guda: hannu ya ƙware, amma ido bai tsaya ya duba ba. Sama shuɗiya, ganye kore shar, inuwa baƙa ƙirin, kogi kuma kamar an zuba masa bula. Zane ya yi kyau, sai dai ba garinmu ba ne.

A inuwa aka fi yin ɓarna. Mai koyo sai ya matso baƙin fenti ya shafa a gindin bishiya, a ganinsa ya gama. To, je ka tsaya gindin darbejiya da hantsi ka ƙura wa ƙasa ido. Rana ba ta sauka a wurin kai tsaye, amma hasken sararin sama yana sauka, shi ya sa inuwar ke ɗaukar shuɗi-shuɗi ko shunayya. Ga kuma jar ƙasarmu da ke mayar da haske sama. Dubi dattijo da farar babbar riga a tsaye kan marmara: cikin ninkin rigar ta ƙasa ja-ja ne, na kafaɗa kuwa ya karkata ga shuɗi. Riga ɗaya, fari iri biyu. Gyaran shi ne ka ajiye baƙin gefe, ka haɗa shuɗi mai duhu da ruwan ƙasa mai ja, ka riƙa rinjayar da ɗaya gwargwadon abin da ka gani.

Sai mantawa da watan da ake ciki. Kaduna ba ta da haske ɗaya. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, ƙurar ta watsa haske ko'ina, sama ta yi fari-fari, inuwa ta yi laushi, abin da ke nesa ya dushe. Duwatsun Kajuru ko Kufena na Zariya, in an ɗauke ruwa da damina, gefensu a yanke yake tsaf, launinsu na ɗan shuɗi. Cikin hazo kuwa toka-toka ne, wani lokaci ma su ɓace. Haka kogin Kaduna: tsaya a wurin shaƙatawa na Gamji cikin Agusta, ruwan ja ne saboda laka, da rani ya janye, duwatsu su fito, ya koma madubin sama. Wanda ya zana kuka da ganye cike a watan Janairu ya tona wa kansa asiri.

Waya ce ke jawo rabin wannan. Ba na hana ɗaukar hoto, amma kyamarar waya tana da nata ra'ayin: tana haskaka inuwa, tana ƙara wa sama shuɗi, tana wanke jan da hazo ya bari. In ka kwafa, ra'ayin injin ka zana. Fita da ƙaramin kwali ka ɗiga launuka biyar ko shida a wurin, ka rubuta lokaci a gefe. Kuma ka hanzarta, domin muna kusa da tsakiyar duniya, tsakanin faɗuwar rana da shigar duhu bai fi minti ashirin da 'yan kai ba. Mai zane Claude Monet na Faransa, tsakanin 1890 da 1891, tarin damman hatsi iri ɗaya ya yi ta zanawa da safe, da yamma, cikin sanyi da cikin rana. Ba abin zanawa ya rasa ba, sauyin haske yake bi.

Akwai kuskuren da ya fi waɗannan ɓuya, wato haɗa launi shi kaɗai a faranti a ce ya yi. A kamfanin saƙa na Gobelins da ke Paris an taɓa kai ƙorafin cewa baƙin zare ba ya yin baƙi sosai. Shugaban sashen rini, Michel Chevreul, ya bincika ya tarar rinin lafiyarsa ƙalau, launin da ke maƙwabtaka da shi ne ke ruɗar ido. Ya wallafa bayanin a 1839. Masu ɗinkin hula sun san haka a aikace, shi ya sa suke ɗora zare kan yadi kafin su soka allura. Kai ma ɗiga launin a gurbinsa, ka ja da baya taku uku, sannan ka yanke hukunci.

Masu sha'awar aikin fasaha da fitilu kuma sukan kwaikwayi siffa su bar dalili. A 2003 mai fasaha Olafur Eliasson ya kafa wata ƙatuwar rana ta fitilu a gidan baje kolin zane na Tate Modern da ke Landan, da madubi a rufi da hazo na inji. Fitilun launi ɗaya tak suke fitarwa, don haka kowa a zauren ya koma rawaya da baƙi. Mutanen da ke kewar rana aka yi wa wannan. Mu da rana ke dukanmu, tambayarmu daban ce. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar zane ta Zariya a 1958, su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun ɗauki dabarar Turawa ne suka yi aikin gida da ita. Shuɗin da aka san Grillo da shi nasa ne.

In za ka baje koli, tambayi irin ƙwan lantarkin da ke ɗakin. Mai farin haske yana kashe ja da ruwan goro, mai rawaya yana dusashe shuɗi. Kuma ka tuna fentin akirilik, wato mai sinadarin roba, yana ƙara duhu in ya bushe, fentin ruwa kuwa haske yake ƙarawa. Cikin hunturu akirilik kan daskare tun yana faranti, don haka ka shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle a ƙarƙashinsa, ka ajiye 'yar kwalbar fesa ruwa kusa.