Yadda ake haɗa taki da nonon kwakwar manja

Duk wanda ya zaga wuraren da ake matsar manja a Kogi, ko Nasarawa, ko Kurmi ta jihar Taraba, ya ga nonnan kwakwa da aka zazzage 'ya'yansu jibge a bayan inji. Wasu ƙonawa suke yi. Alhali a kowane kilo 100 na kwakwar da aka sare, fiye da kilo 20 wannan sharar ce, kuma cike take da sinadarin fotash da gona ke nema.

Sababbin hannu da na gani wuri guda suke faɗuwa, wato wajen sara. Mutum zai kwaso nonon yadda yake, ya tara, ya zuba ruwa, ya rufe. Bayan wata shida ya buɗe ya tarar da shi kamar jiya aka ajiye, sai dai ya yi baƙi daga waje. Dalili kuwa zarensa tauri gare shi, ga ragowar mai da ke hana ruwa ratsawa, ƙwayoyin da ke ruɓar da shi kuma daga baki suke ci. In ba ka buɗe musu ciki ba, ba su da hanyar shiga.

Sai ka sami kututture da adda mai kaifi. Fara tsaga nonon gida huɗu ta tsawonsa, sannan ka sassare shi gutsi-gutsi, kamar santimita 3 zuwa 5, kada ya wuce tsawon ɗan yatsa. Ka yi saran tun yana ɗanye, cikin kwana biyu ko uku da sauke shi daga tukunyar dafa kwakwa, domin in ya bushe adda tsalle take yi a kansa. Sa safar hannu mai kauri, ƙayarsa ba ta da daɗi ko kaɗan.

Amma kada zumuɗi ya kai ka ga niƙe shi. Ni a nan na yi asara. Na biya kuɗin inji aka mayar mini da shi kamar dusa, ina murna zai yi sauri. Cikin mako guda tulin ya zauna, ya cure, iska ta daina shiga, sai wari mai tsami da ƙudaje. Sai da na wargaza shi na cakuɗa sararren reshen kwakwa kafin ya farfaɗo. Tun daga nan, ko da mai laushi zan zuba, irin tuƙar da ke fita daga matsa, ba na barin ta wuce kashi ɗaya cikin uku. Kuɗin injin ma gara ka ba yara biyu su yi maka saran hannu.

Ɓawon ƙwallon kuwa tsince shi gefe, ba ya ruɓewa, na murhu ne.

Nonon shi kaɗai ba ya ɗaukar zafi sosai, yana buƙatar kashin dabbobi. Ni kashin kaji na fi so: baro ɗaya a kan baro uku na sararren nono, hawa-hawa, har tulin ya kai ƙugu ko ya ɗan wuce. Jiƙa shi da ruwan da aka dafa kwakwa bayan ya huce. Damƙi kaɗan ka matse. Ɗigo ɗaya ko biyu ya isa, in yana tsiyaya ya yi yawa.

Rufe da ganyen kwakwa. Cikin 'yan kwanaki zafin ciki zai haura digiri 55, ka soka ƙarfe ka taɓa za ka ji. Juya shi duk mako, kana tsince gwazarma, domin ƙwaron da take zama yana huda ƙoƙon bishiyar kwakwa. Wajen wata uku, in ya yi baƙi, ya huce, yana ƙamshin ƙasar damina, kai shi gona.