Kurakuran Da Masu Zuwa Kallon Giwa A Yankari Suke Ta Maimaitawa

Duk mazaunin Bauchi ya san wannan kiran waya: baƙo zai zo daga Kano ko Abuja, yana so a kai shi Yankari ya ga giwa. Ina cikin waɗanda ake yawan ɗora wa wannan rakiya, kuma na gaji da ganin mutane suna ƙona mai da kuɗi, su dawo suna cewa babu komai a dajin sai birai. Dabbobi suna nan. Yadda kuka je ne ya hana ku ganin su.

Babban kuskure shi ne zaɓen wata. Mutane suna sa ranar tafiya ne da hutun Sallah ko na makaranta, ba ruwansu da halin da daji yake ciki. Yankari ba gidan zu ba ne, daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244 a ƙaramar hukumar Alkaleri, kuma babu kejin da aka ɗaure wata dabba tana jiran ku. Da damina ciyawa takan fi mota tsawo, kowane kududdufi cike yake da ruwa, sai giwaye su bazu ko'ina, wasu har su faɗa gonakin ƙauyukan da ke kewaye. Idan rani ya yi nisa, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, ruwa yakan ƙafe, sai kogin Gaji da ya ratsa tsakiyar dajin. Babbar giwa takan sha fiye da lita 100 a rana, don haka dole ta sauko bakin kogi. Haka ma ɓauna da gwanki da gwambaza. Zafin bazarar nan da kuke gudu, shi ne yake tara muku su wuri ɗaya.

Wata shekara surukaina suka ce lallai sai a Agusta. Na faɗi abin da na sani, babbansu ya ce, "Ai Malam, daji ya fi kyau da damina." Ba a jayayya da suruki, na ce, "To Baba, Allah ya kai mu." Na biya ɗakuna, na biya motar zagaye, na ciyar da kowa. Abin da muka gani ciyawa ce, ga ƙudan tsando ya bi yara da cizo. Kuɗin bai dame ni kamar yaran ba. Sun zo da ɗoki, suka koma gida suna ganin giwar Yankari tatsuniya ce. Yanzu duk wanda ya kira ni da damina, ina gaya masa gaskiya: idan wankan Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumin da ke cikin dajin, yake so mu je, amma kada ya yi wa 'ya'yansa alkawarin giwa.

Sai kuma sammako. Za ka ga iyali sun bar Bauchi ƙarfe goma, sun karya kwana a Dindima, sun isa ƙofar shiga a Mainamaji suna murna an zo. Daga nan har yanzu akwai fiye da kilomita 40 kafin masaukin Wikki. Su isa da azahar, lokacin da kowace dabba ta lafe a inuwa, su zagaya sau ɗaya su juya gida. Ni dai kwana nake yi. In fita da zarar gari ya waye bayan sallar asuba, in sake fita bayan la'asar. Ko a haka ma babu tabbas, domin mafarauta masu neman haure sun rage garken ƙwarai a shekarun baya. Ranar da ba a dace ba, kada a sauke haushi kan mai rakiya. Shi ma sawu yake bi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi tayar mini da hankali, wato ba gwaggon biri abinci. Don Allah jama'a, ku daina! Biran da ke masaukin Wikki sun riga sun gane cewa leda da jaka da kula duk abinci ne a ciki, kuma baƙi ne suka koya musu. Kowane biskit da yaro ya jefa ana dariya ana ɗaukar bidiyo, wani baƙon ne zai biya kuɗinsa gobe. Na taɓa raka wata yayata da 'ya'yanta. Muna isa ɗanta ya fara miƙa musu gyaɗa, na hana, uwar ta ce, "Bar shi mana, ai sadaka ce." Kafin magariba wani ƙaton namiji ya fizge jakarta daga kan kujera ya haye bishiya da ita. Makullin mota yana ciki, maganin hawan jininta ma yana ciki. Jakar dai aka tsinta a yayyage, makulli ko alamarsa. Sai da muka ƙara kwana, na ɗauki shatar mota daga Bauchi aka kawo mana ɗaya makullin da magani, ita kuwa ta kwana kanta yana sarawa. Wannan ba sadaka ba ce. Namijin gwaggon biri yana da fiƙa masu tsawo, kuma idan ya saba karɓa daga hannun mutum, ranar da aka hana shi ƙwata zai yi. Abin da nake yi: makulli da magani da waya a aljihuna suke, abinci a cikin ɗaki ake ci, ƙofa da taga a kulle ko da minti biyu zan fita, gilashin mota a ɗage. Ƙaramin yaro kuma ba ya yawo da leda a hannu. Gadun da ke kiwo a tsakar masaukin shi ma a bar shi, hauren nan nasa ba ado ba ne.

A cikin motar zagaye, a yi shiru. A kashe kiɗa, kada direba ya danna hon, kada kowa ya sauka sai mai rakiya ya ce a sauka. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22, saboda haka uwar da ke tare da ɗanta ba ta da wasa ko kaɗan. Idan ta baza kunnuwa, ta girgiza kai, ta fuskanto ku, ja da baya ake yi, a manta da hoto. Na ga saurayi ya diro daga mota don ya ɗauki kansa hoto da garke a bayansa. Allah ne kawai ya kiyaye.

Sauran ƙanana ne. Ƙudan tsando yana bin baƙi da shuɗi mai duhu, ni kaya masu launin ƙasa da dogon hannu nake sawa. A cika tanki tun daga gari, a duba safaya. A riƙe tsabar kuɗi, kada a dogara da sabis ɗin waya. Kada a je neman raƙumin dawa, babu shi a Yankari, gandun dajin Sumu ake zuwa a ƙaramar hukumar Ganjuwa. Ruwan Wikki ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, amma garau ɗinsa yana ɓoye zurfinsa, wanda bai iya iyo ba ya tsaya inda ƙafarsa take taɓa ƙasa. Kogin Gaji kuwa ba a shiga, akwai kada da dorina. Leda da robar ruwa a dawo da su mota. Idan safiya ta wuce ba a ga giwa ba, a roƙi mai rakiya ya bi da ku kogon dutse na Marshall da rijiyoyin Dukkey kafin fitar la'asar.