Rokar Ruwa a Makarantar 'Yan Mata: Yadda Ake Haɗa Ta, a Harba, a Auna Tsayin da Ta Kai

Yarinyar da ta haɗa roka da hannunta, ta ga ta tashi sama da rufin ajinsu, sannan ta zauna da biro ta lissafa mita nawa ta kai, ba za ta ƙara yarda a ce mata kimiyyar fiziks ta maza ce ba. Aikin rokar ruwa, wato robar lemo mai ruwa a ciki da matsin iska ke harbawa sama, ba ya bukatar ɗakin gwaje-gwaje ko wutar lantarki, kuma kusan duk kayan ana samun su a kasuwa da wajen mai faci. Ya fi amfani ga 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, tun kafin su zaɓi ɓangaren da za su shiga a babbar sakandare. Idan ana son a haɗa shi da wani biki, akwai Makon Sararin Samaniya na Duniya daga 4 zuwa 10 ga Oktoba, wanda ranar farkonsa ke tuna harba Sputnik 1, tauraron ɗan adam na farko, a 1957, akwai kuma 11 ga Fabrairu, ranar mata da 'yan mata a fagen kimiyya.

Kayan aiki

Kowane rukuni na 'yan mata huɗu zai bukaci robar lemo guda biyu iri ɗaya, masu lita 1 ko 1.5. Dole ta lemo mai gas ce, domin ita aka ƙera don ta jure matsi. Robar ruwan sha ba ta da kauri, tana iya fashewa. Sai kwali mai ƙarfi ko tsohon fayil na roba, da salatif mai faɗi, da almakashi, da yashi cokali biyu zuwa uku a ƙulle a leda, wato kamar giram 50, da guntun soson katifa.

Abin harbawa guda ɗaya ya ishi aji duka: famfon keke mai agogon nuna matsi, tiyo mai zare a cikinsa na mita 4 zuwa 5, bawul da aka yanko daga tsohon tiyub ɗin babur, da toshiyar roba irin ta kwalaben gwaji. A je sayen toshiyar da robar lemon a hannu, a zaɓi wadda ke shiga rabi ta tsaya gam. A huda tsakiyarta, a cusa bakin tiyo ya leƙo ta ɗaya gefen, a ɗaura bawul a ɗaya bakin tiyon da waya. Sanya bawul a can wajen famfo yana da dalili biyu. Mai bugun iska tana nesa da rokar, kuma idan rokar ta ƙi tashi, ana danna tsinken bawul a sauke iskar ba tare da kowa ya matsa kusa ba.

Haɗa rokar

Roba ta farko ita ce tanki, kuma ba a yanka ta, ba a huda ta, ba a karce ta. Bakinta ne zai kalli ƙasa. Kada a yi mata amfani da gam mai zafi ko gam ɗin nan mai kamawa nan take, domin suna raunana robar. Salatif kawai.

Roba ta biyu a yanke sulusinta na sama, a sa ƙullin yashin a ciki wajen murfi, a danne shi da salatif kada ya riƙa yawo, sannan a kifa ta a kan gindin tankin a naɗe mahaɗar. Wannan shi ne hancin roka. A manna soso a kan murfin saboda saukowa. A mirgina rokar a kan tebur: idan hancin yana lilo, ya karkace, a warware a sake.

Fukafukai uku ko huɗu, girma ɗaya, kowanne kamar santimita 10 a jikin roba da 6 zuwa waje. A zana ɗaya, a yi amfani da shi a fitar da sauran. Wurinsu can ƙasa ne kusa da baki, tazara ɗaya a tsakani, a miƙe sambal. Hanya mai sauƙi ta raba tazarar ita ce a naɗa takarda a jikin robar, a yanke ta daidai zagaye ɗaya, a ninka ta gida uku ko huɗu, a mayar a sa alama a kan kowane ninki.

A nan ne ya kamata malama ta tsaya ta daɗe, domin nan ilimin yake. Roka tana miƙewa ne idan nauyinta ya fi yawa a gaba, fukafukai kuma suna baya inda iska za ta riƙa gyara mata zama, kamar dai kibiya mai ƙarfe a baki. Don a gwada, sai a ɗora rokar babu ruwa a kan yatsa a nemo inda take daidaita, a ɗaura zare mai mita ɗaya da rabi a daidai wurin, wata ta juya ta a sama da kanta a fili. Idan hanci ya yi gaba ya tsaya, ta yi. Idan tana tafiya a kaikaice ko da baya, a ƙara yashi cokali ɗaya ko a yi fukafukai mafi faɗi. Kada malama ta faɗi maganin da wuri. A bar su su yi gardama, su gwada, su gano.

Harbawa

A sami fili wanda babu wayar lantarki, mota ko taga a cikin mita 50. Safiya ta fi, kafin iska ta taso. A kafa sanduna huɗu santsi a ƙasa yadda rokar za ta zauna a tsakaninsu a tsaye, bakinta bai taɓa ƙasa ba, fukafukan kuma na tsakanin sanduna ba abin da zai riƙe su.

Ruwa sulusin tanki. Ga mai lita 1.5, ledar fiya wata guda mai mililita 500 ta yi daidai. A cusa toshiya da ƙarfi, a kifa rokar, a zaunar da ita. 'Yan kallo su koma bayan layin da aka ja a mita 10, mai famfo ta tattare hijabinta kada ya shiga hannun famfon. Wata ta tsaya tana karanta agogo da babbar murya. Rokar za ta fizge da kanta lokacin da matsin ya fi ƙarfin toshiyar. Ƙa'idar da ba a karya ta: idan agogo ya kai 60 a ma'aunin matsi na psi, wato kamar 4 a ma'aunin bar, rokar ba ta tashi ba, a daina bugu, a sauke iska ta bawul, a sassauta toshiyar. Ba a leƙa roka ta sama, ba a kuma gudu a cafe ta idan tana saukowa.

Abin da ke faruwa shi ne dokar Newton ta uku: iskar da aka matse tana tura ruwa ƙasa, ruwan kuma yana tura robar sama da ƙarfi daidai da wancan. Ruwa ya fi iska nauyi sama da ninki 800, shi ya sa roba mai iska zalla ba ta yin nisa. Rokar gaske ma haka take aiki, sai dai ita iskar gas mai zafi take fitarwa daga man da ta ƙona.

Idan ta tashi tana wuntsilawa, hanci ya yi sauƙi ko fiffike ya lanƙwashe, wanda yakan faru idan kwali ya jiƙe, don haka a lulluɓe shi da salatif tun farko. Idan ta yi gefe ɗaya, duba karkacewar hanci. Idan ta ɗaga da ƙyar ta faɗo tana tsiyayar ruwa, ruwan ya yi yawa, iskar ta ƙare kafin ta gama fitar da shi. Idan ta fice da wuri ba ƙarfi, toshiya ba ta shiga sosai ba. Tankin da ya lotse ko ya yi farin tabo bayan faɗuwa, a yi ritayarsa. Kada kuma a bar robobi a cikin mota a rana.

Awo

Da yawa suna tsayawa a tafi da shewa, alhali awon ne ke mayar da wasan ya zama kimiyya. A ɗauki ma'aunin kusurwa na cikin akwatin lissafi, a manna tsinken shan lemo a miƙaƙƙen gefensa, a rataya zare mai noti daga tsakiyarsa. Mai awo ta tsaya mita 30 daga wurin harbi, ta bi rokar ta cikin tsinken har ƙololuwa, ta danne zaren da yatsa. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne karanta lambar kai tsaye. Idan tsinken yana kwance zaren kan 90 yake, don haka kusurwar ita ce bambancin 90 da abin da zaren ya nuna.

Tsayi shi ne nisa sau tan na kusurwar (wato tangent, ana samun sa a kalkuleta ko teburin lissafi), a ƙara tsayin idon mai awo. Misali kusurwa 40, tan ɗinta 0.84: 30 sau 0.84 ya ba da 25.2, a ƙara 1.4, ya zama mita 26.6. A sa masu awo biyu a ɓangarori masu fuskantar juna a ɗauki matsakaici, saboda iska kan karkatar da rokar.

Sai gwaji na ainihi: a tanki mai lita 1.5, a canza yawan ruwa kawai, daga babu, zuwa mililita 250, 500, 750 da 1000, kowanne sau uku. A sa alama a jikin toshiya don ta riƙa shiga zurfi ɗaya, a kuma rubuta matsin da aka tashi a kai. Su zana jadawali su nuna inda layin ya hau da inda ya fara sauka.

Matsayi huɗu ne a rukuni: mai haɗawa, mai famfo, mai awo, mai rubutu, kuma a riƙa juyawa a kowane harbi. In ba haka ba, mai baki za ta riƙe famfo, mai kunya ta ƙare da biro. A makarantar da ake haɗe da maza, a ba 'yan matan rukuninsu daban. Malami ma ya riƙe hannunsa, ko da ya ga salatif ya karkace.

Daga fili zuwa sana'a

Bayan an gama, a nuna musu inda hanyar ta nufa. Najeriya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, a 1999, aka harba tauraronta na farko, NigeriaSat-1, daga Rasha a 2003. NigeriaSat-X da aka harba a 2011 injiniyoyin Najeriya ne suka haɗa shi lokacin da suke samun horo a Ingila. Hotunan irin waɗannan taurari ake amfani da su wajen bin diddigin ambaliya, gonaki da ja da bayan Tafkin Chadi. A ambaci Valentina Tereshkova, mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1963, amma a fi daɗewa a kan Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero Kano, masaniyar fiziks da ke nazarin yanayin sama, wadda ta karɓi lambar yabo ta Gidauniyar Elsevier a 2015. Sunan da ya yi kama da na yayarsu ya fi shiga zuciya.

A gayyaci iyaye ranar harbi, a bar 'ya'yansu su yi musu bayanin jadawalin da bakinsu, domin su ne za su yanke shawarar ci gaban karatun. A kuma faɗa musu a fili cewa mai son karatun injiniya za ta rubuta Ingilishi, lissafi, fiziks da kemistiri a JAMB, don haka sai ta shiga ajin kimiyya tun daga aji ɗaya na babbar sakandare.

A makarantar kwana ana iya ƙarawa da kallon Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda ke kewaya duniya a tsayin kusan kilomita 400, zagaye ɗaya cikin minti 90. Ana ganinta da ido bayan magariba ko wajen asuba, haske ne mai tafiya wanda ba ya ƙyaftawa irin na jirgi. Manhajar Spot the Station ta NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, tana ba da lokaci da ɓangaren da za ta ɓullo. A zaɓi daren da babu hazon hunturu, a fito da minti biyar kafin lokacin, domin wucewarta ba ta wuce 'yan mintoci.