Yadda ake neman digiri na biyu a fannin tarihi, harshe ko adabi, a kuma kai shi gaci

Duk lokacin da jami'o'i suka fara sayar da fom na karatun gaba da digirin farko, tambaya ɗaya ce ke cika mini waya: "Malam, ya ake samun admishan?" Amsar da nake bayarwa ba ta cika yi wa masu tambayar daɗi ba. In dai takardunka sun cika, samun gurbin mastas a Tarihi ko Hausa ko Larabci ko Nazarin Addinin Musulunci ba wani abu ba ne. Fitar ce aiki. Na san mutanen da suka gama zaman aji da maki mai kyau, suka koma gida da niyyar rubuta kundi, ga shi shekaru sun tura ko babi na biyu ba su miƙa ba. Don haka na jera matakan nan da ranar fita a zuciya.

Mataki na farko: ka san abin da ya kai ka

Idan kana koyarwa a kwalejin ilimi ko jami'a, maganar a fili take: ƙarin girma yana bukatar takardar, kuma kana iya neman tallafin TETFund ta makarantarku, domin asusun yana ɗaukar nauyin malaman manyan makarantun gwamnati. Idan ba ka cikin wannan sahu, daga aljihunka za ka biya komai, kuma mastas a adabi ba ya jawo aiki da kansa. Wanda ya shigo don zaman gida ya ishe shi, da ya samu wani abin yi sai ya watsar.

Ka kuma bambance mastas na bincike da wanda ake kira na ƙwararru, irin na ƙarshen mako. Na biyun ya fi sauri, amma sau da yawa ba a karɓarsa idan ka zo neman digiri na uku. Tambayi makarantar kafin ka biya ko sisi.

Mataki na biyu: takardu

Galibi za a nemi shaidar digirin farko mai daraja ta biyu, takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, sakamakon sakandare, wasiƙun malaman da suka san ka, da takardar makin duk darussan da ka yi, wadda kowa ke kira transkirif. Mai daraja ta uku yakan fara da babbar difloma, sannan ya dawo. Wasu sassan suna yin jarrabawar shiga ko ganawa.

Transkirif ne ke kayar da mutane. Tsohuwar makarantarka ce za ta aika shi kai tsaye, kuma yana iya ɗaukar watanni. Nema tun kafin a buɗe fom, ka ajiye rasidin Remita, ka kuma bi sawunsa da ƙafarka, domin zuwa da kai ya fi saƙo. Duba sunanka a kan kowace takarda. Idan Muhammad ne a nan, Mohammed a can, je kotu ka yi takardar rantsuwa tun yanzu. Kada sai ranar rajista ka tsaya kana yi wa jami'i bayani ga dogon layi a bayanka.

Mataki na uku: nemi malami kafin ka nemi jami'a

Nan ne mafi yawan mutane ke yin sake. Suna zaɓen Bayero ko Ahmadu Bello ko Usmanu Danfodiyo ko Maiduguri saboda kusa da gida, ko saboda suna, alhali mutumin da zai duba aikinsu shi ne zai yanke ko shekara biyu za su yi ko biyar. Gaskiya ne sashe ne ke raba ɗalibai ga malamai, ba kai ke zaɓa ba. Amma yawanci ana duba batun da ka kawo a haɗa ka da wanda fagensa ne. Ke nan ta hanyar batunka kana da ta cewa.

Je ɗakin karatun sashen ka zauna da kundayen shekarun baya. A shafin farko za ka ga sunan wanda ya duba kowane. Lura da waɗanda ɗalibansu ke fita a kai a kai, da irin batutuwan da suke karɓa. Sannan ka nemi tsofaffin ɗaliban, ka yi musu tambayoyi ƙanana: kwana nawa babi ke yi a hannunsa? Yana karantawa da jan biro, ko sa hannu kawai yake yi? Saura shekara nawa ya yi ritaya? Babban farfesa mai suna abin alfahari ne, amma idan yau yana Abuja gobe yana taro a ƙasar waje, babinka zai tsufa a bayan motarsa. Sau da yawa dakta matashi mai neman ɗalibansa su fita ya fi amfani.

Idan ka ga wanda ya kwanta maka, karanta maƙalarsa ko da biyu ce kafin ka je gaishe shi. "Ranka ya daɗe, na karanta abin da ka rubuta a kan kaza, wuri kaza ne ya tsaya mini" ya fi doguwar gaisuwa da kirari buɗe ƙofa.

Mataki na huɗu: batun bincike

Sabon ɗalibi yakan zo da batu mai faɗin ƙasar Hausa: "Tarihin kasuwanci a Arewa", ko "Mata a adabin Hausa". Wannan aikin rayuwa ne, ba na kundi ɗaya ba. Matse shi har ya zama gari ɗaya, sana'a ɗaya, zamani ɗaya. Marinar Ƙofar Mata da abin da shigowar shunin kanti ya yi mata. Waƙoƙin daka da niƙa na matan ƙauye ɗaya kafin injin niƙa ya shafe su. Karin harshen masunta a wani yanki na bakin kogi. Ƙaramin batu ne ke ba ka damar faɗin abin da ba a taɓa faɗa ba.

Kafin ka ƙulla, gwada shi da tambaya uku. An taɓa yinsa? Sassa da yawa suna da jerin sunayen kundayen da aka yi, kuma babu abin kunya kamar a tsakiyar difens, wato zaman kare aiki a gaban malamai, wani malami ya ce shi ya duba irin wannan aikin shekara goma da suka wuce. Za ka iya zuwa wurin? A halin tsaron da ake ciki, akwai ƙauyukan da ba za ka iya kwana uku kana hira da dattawa ba, komai kyan batun. Ta uku, wadda ta fi sauran: ina hujjojin suke?

Amsar wannan ta ƙarshe da ƙafa ake samo ta. Ɗan tarihi ya je Taskar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin zamanin Turawa suke, an kasa su lardi-lardi, na Kano daban, na Sakkwato daban, na Zariya daban, da rahotannin haraji da na rangadin jami'an mulki. A garin dai akwai Gidan Arewa, tsohon mazaunin Sardauna, wanda ya zama cibiyar binciken tarihi a 1970, yanzu kuma yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A Sakkwato akwai cibiyar Waziri Junaidu mai tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami. A Zariya akwai ɗakin karatu na Kashim Ibrahim. Tsofaffin kofe na Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, ma'adini ne ga mai nazarin harshe da mai nazarin siyasa baki ɗaya. Idan batunka ya tsallaka iyaka, cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai tana da nata tarin rubuce-rubucen hannu. Yi kwana biyu a ɗaya daga cikin wuraren nan kafin ka rubuta kalma ɗaya. Idan ba ka iya karanta ajami ba kuma aikinka yana bukata, koma wajen malamin zaure; wata biyu sun isa ka fara tsintar kalmomi.

Idan kuma hujjarka a bakin tsofaffi take, to su za ka fara yi wa, tun kafin a amince da batun. Takarda tana jira. Dattijo ɗan shekara tamanin ba shi da alkawari da kalandar jami'a. Ɗauki murya da izininsa, rubuta sunansa da shekarunsa da wuri da ranar hirar nan take, ka kuma riƙe ɗan goro.

Mataki na biyar: zaman aji

Zango biyu ne galibi, kuma ba shi da bambanci sosai da abin da ka sani, sai dai karatun ya fi yawa. Abu biyu kawai zan ce. Kada ka yi wasa da darasin dabarun bincike. Kuma duk takardar da aka ba ka ka rubuta, karkata ta wajen batunka, yadda kafin shekara ta ƙare kana da ɗanyen babi ɗaya ko biyu. Mai niyyar digiri na uku ya kula da makinsa, domin akwai iyakar da in bai kai ba ba za a ɗauke shi ba.

Mataki na shida: kare tsarin bincike

Za ka tsaya gaban malaman sashe ka gabatar da dalilin bincike, farfajiyarsa, hanyoyin da za ka bi, ra'in, wato tunanin masana, da za ka ɗora aikin a kai, da bitar ayyukan da suka gabata. A bitar nan ake gane wanda ya yi karatu. Yawancin ɗalibai jeri suke yi: wane ya ce kaza, wane ma ya ce kaza, shafi ashirin. Abin da ake so shi ne ka nuna inda magabata suka yi saɓani, da inda dukansu suka yi shiru, domin a wannan giɓin aikinka zai zauna. Ra'i kuma kada ka ɗauko don sunansa ya yi nauyi a baki. Idan ba za ka iya bayyana shi da Hausar kasuwa cikin jimla uku ba, bai zama naka ba tukuna.

Halarci difens ɗin wasu kafin naka. Ranar naka ka zo da aboki ya riƙa rubuta gyare-gyare, don kai kanka zai ɗau zafi. Za a yi maka kaca-kaca, wani lokaci ma malamai biyu ne ke tsohuwar muhawararsu a kanka. Ka ce "na gode, Malam, zan duba", daga baya ku zauna da mai duba aikinka ku tace wanda za a ɗauka.

Mataki na bakwai: shekarar da babu mai kiran suna

Daga nan babu aji, babu jarrabawa, babu wanda zai tambaye ka ina ka kwana. Abokan karatu sun watse. Nan ake ɓacewa.

Abin da ya fitar da ni shi ne shafi ɗaya kullum bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi. Mummunan shafi ma shafi ne, ana gyara shi. Manazarta kuwa, tun ran gini tun ran zane: duk littafin da ka taɓa, rubuta marubuci da shekara da maɗaba'a da lambar shafi a lokacin, a littafi na musamman ko a manhajar Zotero, wadda kyauta ce. Kowane dare ka aika wa kanka aikin ta imel. Ni ɓarawo ya taɓa raba ni da kwamfuta a tashar mota, da babi biyu a ciki, kuma ba ni da kofe ko'ina sai tsohon bugu mai jan biron malamina. Da shi na sake bugawa, wata guda cur.

Kada ka bari wani ya rubuta maka, mutum ne ko na'ura. Jami'o'i da yawa suna tace kundi da Turnitin, manhajar gano satar rubutu, kuma ko ka tsallake wannan, tambaya biyu a gaban mai jarrabawa sun isa su tona wanda bai san aikinsa ba.

Da malaminka, miƙa babi a buge, ka rubuta ranar, ka tambaye shi yaushe za ka dawo. Ranar ta yi, je ofis. Kada ka kira da dare, kada kuma ka ɓace wata shida don kunyar ba ka yi komai ba. Ɓacewar ta fi rashin rubutun ɓata masa rai. Idan abu ya ci tura, akwai mai kula da karatun gaba da digiri a sashe, a je masa cikin ladabi.

Sa yajin aiki a lissafinka. Na ƙungiyar malaman jami'o'i a 2020 ya kai kusan wata tara, na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Taskar Kaduna ba ta jami'a ba ce, dattawan ƙauye ma ba sa yajin aiki, don haka lokacin fita fili ke nan. Ka tuna kuma kowace shekarar da ka ƙara sabon kuɗin rajista ne, ga na mota, ga na hoton takardu, ga bugun kundi kofe-kofe a kowane difens.

Ke kuma 'yar'uwa mai aure, zauna da maigida tun kafin sayen fom, a yi maganar tafiye-tafiyen bincike da wanda zai riƙe yara ranar difens, a fili. Idan haihuwa ta zo, rubuta takardar neman ɗage karatu a hukumance. Shiru kawai ba ya tsayar da agogon jami'a. Ku nemi mutum uku ko huɗu 'yan ajinku ku riƙa haɗuwa ko sau ɗaya a wata, kowa ya karanta shafukan ɗan'uwansa. Ranar da ka ji kamar kai kaɗai ne daƙiƙi a duniya, a nan za ka gane kowa ma haka yake ji.

Mai hangen waje kuma, irin su SOAS a Landan ko Bayreuth a Jamus ko jami'o'in Amurka, babin da ya fi kyau a kundin nan shi za a nema a matsayin samfurin rubutunsa, wasiƙar malamin nan kuma ita za ta raka shi wajen neman tallafin karatu na DAAD a Jamus ko na Commonwealth a Birtaniya.

Mataki na takwas: fita

Bayan difens na cikin gida sai a aika kundin ga mai jarrabawa daga wata jami'a, ya zo a yi na ƙarshe. Kusan kowa ana ba shi gyara, da wa'adin kammalawa. Yi shi a makon nan, tun kana tuna abin da aka ce, domin akwai waɗanda aka taya murna a ranar amma wa'adi ya wuce su. Sai sa hannun malamai, ɗaurin kundi da launin bangon da makarantar ta ƙayyade, sannan jiran majalisar jami'a ta amince da sakamako. Idan ka je wajen mai ɗauri, ƙara kofe biyu a kan adadin da aka nema: ɗaya naka, ɗaya na gidan dattijon da ya ba ka labari.