Kurakuran da ake yi a yawon motar kwana cikin hamadar Amurka

Motar da nake nufi ita ce wadda aka mai da bayanta ɗaki: gado, murhun gas, ƙaramin firji, tankin ruwa, wata har da bayan gida. Ana ɗaukar hayarta a Las Vegas, a nufi gandun Zion da Bryce Canyon a jihar Yuta, a gangaro Grand Canyon, ƙaton kwazazzabo a Arizona, mai sauran kwanaki ya leƙa Death Valley a Kalifoniya. Ni da maiɗakina mun yi wannan zagaye a watan Oktoba, kuma duk abin da ya wahalar da mu tushensa ɗaya ne: mun ɗauka tunda gida na biye da mu, shiri bai zama dole ba. Alhali komai na gidan nan a aune yake, ruwa da mai da wutar batir.

Kuskuren da ya fi kama namu mutane shi ne "ai mun saba da rana". Wanda ya tashi a Sakkwato ko Maraɗi yana da dalilin faɗin haka, amma a gida akwai inuwa, akwai randa, akwai mai shago a kwanar layi. A Furnace Creek da ke Death Valley an taɓa auna zafi digiri 56.7 ranar 10 ga Yuli, 1913, kuma iskar wurin busasshiya ce, gumi na bushewa kafin mutum ya san yana yi. Hukumar gandun tana ba da shawarar kowa ya sha aƙalla lita huɗu a yini. Kamfanonin haya da dama ma sun hana shiga wurin da motarsu a watannin zafi, don haka a karanta takardar yarjejeniya kafin a sa hannu. A kan hanya, in ka ga allon da ke cewa a kashe na'urar sanyaya mota saboda hawan dutse, ka kashe. A gangara kuma ka sa ƙaramar giya, kada ka ɗora wa birki nauyin motar gaba ɗaya, zai yi zafi ya daina kamawa.

Shi kuwa sanyi, ba wanda ya faɗa mana. Bryce Canyon na kan tudu sama da mita 2,400. Daren da muka kwana can na bar buta a bakin ƙofar mota, da asuba na fito alwala na tarar ƙanƙara ta rufe saman ruwan. Bargo ɗaya muka zo da shi. A taho da bargo mai kauri da rigar sanyi da safa ko da an bar Las Vegas ana fifita.

Ruwan tanki na ƙarewa da wuri fiye da zato, musamman ga mai alwala sau biyar da wanke-wanke. Mun gyara ta hanyar ware ruwan sha a jarkoki daban, ba a taɓa shi don wanki, alwala kuma da buta maimakon sakin famfo. Ruwan datti yana da nasa tankin, kuma akwai wuraren da aka tanada don juye shi a sansanonin kwana. Zubar da shi a gefen hanya laifi ne.

Taswira ma na yaudara. Tsakanin gefen kudu da gefen arewa na Grand Canyon kamar kilomita 16 ne a miƙe, amma a mota sai an ci kusan kilomita 340. A babbar hanyar I-70, daga Green River zuwa Salina a Yuta, tafiyar kusan kilomita 170 ce babu gidan mai. Da zarar mai ya sauka rabin tanki, a sha a gari na gaba. Sabis na ɗaukewa na sa'o'i, saboda haka a sauke taswirar cikin waya tun daga gari, a riƙe ta takarda. In waya ta nuna maka wani yanke ta hanyar da ba kwalta, ka ƙyale shi, inshorar motar haya galibi ba ta kai can. In mota ta mutu, a zauna wurinta. An fi saurin ganin mota a kan mai tafiya a ƙasa.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne ambaliya. Mutanen Agadas sun san wannan: kori na nan a bushe, yashi lumus, sama garau, sai ruwan da aka yi can kan duwatsu ya iso da ƙarfinsa. Haka kwazazzaban Yuta da Arizona suke. A watan Agusta na 1997 mutum 11 suka rasu a Antelope Canyon, alhali ruwan da ya cinye su can nesa ya sauka. A Satumbar 2015 wasu bakwai suka rasu a wani matsattsen kwazazzabo cikin Zion. Busasshen rafi yana jan hankalin mai neman wurin kwana, domin shimfiɗaɗɗe ne kuma iska ba ta damu, to nan ne bai kamata a ajiye mota ba. Kafin shiga kowane kwazazzabo a tsaya ofishin ma'aikatan gandu a tambayi hasashen ranar, musamman daga Yuli zuwa Satumba, daminarsu ke nan.

Wurin kwana a cikin gandun ba a zuwa masa kai tsaye. Ana kama shi ne a shafin Recreation.gov, da yawa tun wata shida kafin ranar. Wanda bai samu ba yana iya kwana kyauta a yawancin filayen gwamnatin tarayya da hukumar BLM ke kula da su, har kwana 14, amma babu ruwa babu bayan gida. A kuma san tsayin mota da faɗinta: ramin da motoci ke bi ta cikin dutsen Zion da aka buɗe a 1930 matsattse ne, akwai ƙa'ida ta daban ga motar da ta wuce mita 2.4 a faɗi ko 3.4 a tsayi daga ƙasa zuwa sama.

Monument Valley, kwarin da ke kan iyakar Arizona da Yuta, ba na gwamnatin tarayya ba ne, ƙasar al'ummar Navajo ce, katin shiga gandun ƙasa ba ya aiki a can. Su suna gusa agogo da awa ɗaya daga Maris zuwa farkon Nuwamba, sauran Arizona ba sa yi, sai waya ta riƙa tsalle tsakanin lokuta biyu. Mun koma duba rana don azahar da la'asar. Alƙibla ma ba gabas take ba kamar a gida. Ranar farko na shimfiɗa darduma ina fuskantar mafitar rana, sai maiɗakina ta miƙo min wayarta ta ce, "Malam, duba nan." A wannan yanki alƙibla arewa maso gabas take, ta ma fi karkata ga arewa. Na juya dardumar.